Motar Tsere da Kuɗin Mutane a Wuya: Lacca ga Matasan 'Yan Kasuwa a Zawaciki



Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, malamanmu, alhazai masu masana'antu, da ku ƙannena da 'ya'yana da kuka cika wannan zaure, ina gaishe ku da fatan an baro gida lafiya. Tambayar da aka ɗora mini gajeriya ce a baki. Saurayi ne Allah ya yi wa buɗi, kuɗi sun fara zama a hannunsa, amma ana bin sa bashi. Ransa ya biya da mota, irin mai ƙasa-ƙasan nan mai ƙofa biyu, wadda in ta taso daga Panshekara sai an ji rurinta kafin a gan ta. Ya saya yanzu, ko ya dakata sai ya sauke nauyin mutane? Amsata ita ce ya dakata. Sai dai na san in na tsaya a nan, rabin zauren nan zai fita yana cewa dattijo ya yi irin maganar da dattawa suka saba. Don haka ku ba ni dama mu bi lissafin tare, mu kuma saurari hujjojin masu son sayen, domin wasu daga ciki suna da ƙarfi.

Mu fara da wurin da muke zaune. A nan Zawaciki aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Kaduna a watan Yulin 2021, a nan kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a watan Janairun 2023. Challawa na nan kusa da majemunta da kamfanonin lemo, Sharada na gaba da masu roba da takalma da tabarmi, Bompai kuma ita ce babbar yayarsu. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ya san cewa kaya da yawa da ke fita ta ƙofar nan ba a biya kuɗinsu ba tukuna. Kamfani ya ba dila kaya bashi. Dila ya ba mai shago a Ƙofar Wambai ko Singa ko Kwari. Mai shago ya ba baƙonsa da zai kai Maraɗi ko Damagaram ko Gaidam. Shi kamfanin ma ana bin sa: mai kawo masa ƙwayar roba, mai kawo fata daga ƙauye, mai tankar gas, KEDCO, banki, da ma'aikacin da ya yi wata guda a tsaye gaban inji yana jiran ƙarshen wata.

Haka kasuwar Kano take tun kafin a kafa injin farko a Bompai. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa kuɗi suke ba wakilansu tun kafin kaka, wakilan su rarraba wa yaransu, yaran su shiga ƙauyuka. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ta wannan hanya ya bi har ya zama wanda ya zama. An sha ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai ajiya lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuma waɗanda suka rubuta tarihinsa sun yi ta ambaton sauƙin rayuwarsa. Abin da nake so ku lura da shi a labarin shi ne abin da ya riga raƙuman: an ba shi kuɗin mutane, ya dawo da su yadda aka yi alkawari, aka ƙara masa. Yarda ita ce uwar kuɗin ɗan kasuwar Kano, kuma yawancinku da ke nan da ita kuka fara, ba da gadon miliyoyi ba.

To, idan haka ne, dilan da ya karɓi kayan naira miliyan 25 daga wani kamfani a Sharada, ya sayar, kuɗin suka shigo asusunsa, kuɗin wa ke cikin asusun? Wayarsa za ta nuna masa lamba mai daɗin kallo, amma nasa a ciki ribar ce kawai. Sauran amana ce da ta biyo ta hannunsa. In ya ɗauka ya kai wa dillalin mota, ya ce wa kamfani a ƙara masa wata biyu kasuwa ta yi sanyi, wata biyun nan ba daga sama za su faɗo ba. Manaja zai jinkirta kuɗin mai kawo kaya, ko ya raba albashi biyu, ko ya kashe inji ɗaya ya sallami leburorin da ake biya kullum. Matar wani a Kumbotso za ta je shagon unguwa ta karɓo gari bashi. Mai motar bai san ta ba, ba zai taɓa ganin ta ba, amma da kuɗin cefanenta aka cika kuɗin motar. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin batun gaba ɗaya, ya fi damuna fiye da asarar da shi saurayin zai jawo wa kansa.

Yanzu ga hujja ta farko da matasa ke kawowa, kuma na ce tana da ƙarfi. Suna cewa, “Baba, a ƙasar nan mota ba ta faɗuwa, naira ce ke faɗuwa.” Ba ƙarya suka yi ba. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Da aka saki kasuwar canji ta haura 750, zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya sayi 'yar Kwatano a 2022 ya wayi gari ana taya ta fiye da yadda ya saya, alhali ya more ta shekara biyu. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a ƙarshen 2024. A irin wannan yanayi, in ana bin ka naira, kowane wata da ya wuce nauyin bashin raguwa yake a zahiri, kadarar da ka saya kuma tana hawa. Ɗan boko mai lissafi zai ce maka ka riƙe bashin, ka sayi kadara.

Amma ku tambayi kanku: ribar nan da aka ci, daga aljihun wa ta fito? Idan kawunka ne ya ranta maka miliyan 10 a farkon 2023, ba ruwa ba riba, don Allah da zumunci, ka riƙe har ƙarshen 2024 kana da halin biya, miliyan 10 ɗin da ka mayar masa ba za ta sayi yawan kayan da za ta saya a da ba. Ragowar tana ajiye a ƙofar gidanka da tayoyi huɗu. Ka ci riba da asarar mutumin da ya taimake ka. In kuwa kamfani ne, shi da dala yake sayo ɗanyen kaya, kuɗin da ka jinkirta masa ba za su sake cika masa kwantenar da ya ba ka kayanta ba. Hujjar gaskiya ce a lissafi, amma lissafin mutum ɗaya ne, an cire wanda ke bin bashin daga ciki.

Idan kuma bashin banki ne mai ruwa, hujjar ma ba ta tsayawa. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba ƙaramin ɗan kasuwa. Mu ƙaddara kashi 30. Miliyan 25 a wannan farashi tana haifar da miliyan 7 da rabi a shekara, wato naira 625,000 duk wata, kafin a taɓa uwar kuɗin. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. Ke nan duk wata kana zubar da albashin mutum 8 da ɗoriya don kawai bashin ya ci gaba da kwana a wuyanka. Ban ma shiga hukuncin riba a shari'a ba, malamai na nan kuma kun san shi. Wanda ya bi ta bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, ko TAJ, aka yi masa murabaha, shi ma wa'adi na kansa, kuma takardar gida ko ta fili da ya ajiye jingina ba wasa aka karɓe ta ba.

Akwai kuma abin da masu cewa mota kadara ce suke tsallakewa. Ba kowace mota ba. Corolla ko Hilux, in ka kai bakin titi da safe, kafin la'asar an taya. Motar tsere masu sayenta 'yan kaɗan ne, kuma duk sun san juna, sun san ranar da ka matsu. Ranar da mai bin ka ya zo da 'yan sanda ko sammacin kotu, ranar ce za ka karyar da ita a farashin da dillali ya ga dama. Kafin wannan rana kuma tana ci. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000. Babban inji ba ya jin rarrashi. Ku dubi hanyoyin da muke bi tsakanin Challawa da Sharada da damina, da tireloli da ramuka da ruwa kwance, ku gaya mini inda mota mai shafar ƙasa za ta yi gudun da aka ƙera ta dominsa. In wani abu ya lalace, ba lallai a same shi a Ƙofar Ruwa ba, sai an aika Legas ko Dubai, da dala, motar na kwance a garejin bakanike an lulluɓe ta da tamfol.

Hujja ta biyu ita ce ta mutunci. “Alhaji, in ka je neman kwangila a kan babur, mai gadi ma ba zai buɗe maka ƙofa ba.” Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma laifinmu ne mu manya da muka bar gari ya koma auna mutum da abin hawansa. Ban hana kowa abin hawa ba. Wanda ke zirga-zirga tsakanin tashar nan da ofishin kwastan da kamfanoni yana bukatar mota mai lafiya, mai sanyi, wadda ba za ta kunyata shi ba. Wannan kayan aiki ce, kamar sikeli a wurin mai awo. Amma ku san irin idon da ke kallon ku. Mai gadi mota yake gani. Wanda zai sa hannu a ba ku kaya littafi yake gani. Ranar da ka faka sabuwar mota mai ruri a harabar kamfanin da ke bin ka kuɗin wata uku, manaja zai fito ya taya ka murna, ya ce Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. In ka tafi zai kira akawu ya ce daga yau kayan wane sai da kuɗi hannu. Ba zai gaya maka dalili ba. Kuma masu kamfanonin nan suna haɗuwa a masallaci da ɗaurin aure da ta'aziyya, labari ba ya kwana.

Ina so in ɗan tsaya a kan kangayen da kuke wucewa kullum a Bompai da Sharada, masaƙu da kamfanonin da suka rufe, ciyawa ta cinye harabarsu. Ba zan ce motoci ne suka rufe su ba, zai zama zalunci ga mutanen da suka yi iya ƙoƙarinsu. Abin da ya kashe su sananne ne: tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 da ya karya darajar naira alhali injuna da kayan gyara daga waje ake sayo su, rashin wutar lantarki, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa. Darasin da ke ciki a wurina shi ne yadda girgiza ke zuwa wa wannan yanki ba sallama. Ta zo a 1986, ta zo a 2016, ta zo a 2023. A watan Afrilun 2024 aka wayi gari kuɗin wuta na rukunin A ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, kuma masana'antu da yawa a wannan rukuni suke. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shekaru aka yi ana sa ran isowarsa. Wanda ke kasuwanci a irin wannan wuri, abin da ke raba shi da rufe shago a mugun wata shi ne rarar da ya ajiye da kuma mutanen da za su ce “ɗauki, ka kawo daga baya.” Motar tsere da aka saya a kan bashi tana cinye duka biyun a rana ɗaya.

A ɓangaren addini ba zan tsawaita ba, don ba fagena ba ne, amma akwai abubuwan da kowane ɗalibin islamiyya ya sani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, da rubuta shi da kafa shaidu. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci, kuma an taɓa kawo gawar wanda ake bi bashi ya dakata da yi mata salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ba a raba gado sai an fitar da bashi. Ku yi tunanin wannan na ƙarshe da kyau, ku da kuke son gudu a kan titi. In ta Allah ta kasance, motar ce za a fara sayarwa, in ta rage, marayu kuma su tashi da masu sallama a ƙofar gida.

Sai dai kada a fahimce ni a karkace, a ce duk wanda ake bi ko sisi haramun ne ya ji daɗin dukiyarsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu masana'antar da ke tafiya ba shi. Akwai mutumin da ya karɓi rancen inji daga Bankin Masana'antu na shekara biyar, yana biya a kan lokaci, injin na fitar da abin da ya fi kason da ake cira, albashi ba ya makara, mai kawo kaya ba ya kira sau biyu. Irin wannan in ya ware daga ribarsa ta halal ya sayi abin da ransa ke so, ba ni da ta cewa, ko da ni ba zan zaɓi irin motar ba. Bashin da nake magana a kai shi ne wanda wa'adinsa ya cika ko ya kusa, da bashin da aka ba ka don tausayi, da haƙƙin ma'aikaci. Ga gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar akawu: za ka iya tuƙa motar ka je gidan wanda ke bin ka, ka faka a ƙofarsa, ka shiga ku gaisa ba tare da ka ji nauyi ba? In sai ka ajiye ta a bayan layi ka ƙarasa da ƙafa, zuciyarka ta riga ta ba ka fatawa.

Na san abin da ke tura da yawanku, kuma ba na raina shi. Wani ya taso yana tura baro a Singa, ya yi shekaru ana aiken sa sayen abinci, yau ya samu, yana so unguwa ta shaida. Wani abokansa ne duk suka saya, ana wasan mota a bikin aure shi yana gefe. Wani kuma gidan da yake neman aure ne ake masa kallon bai isa ba. Ga waya a hannu, kowa na ɗora hotonsa jingine da mota a TikTok da Instagram, ba wanda ke ɗora takardar bashinsa. Waɗannan abubuwa suna da zafi a zuciyar saurayi. Abin da zan ce shi ne jinkirin da nake nema yana da iyaka, kuma kai ne za ka sa masa rana. Zauna da littafi, ka rubuta duk wanda ke bin ka da adadin da ranar biya, har da kuɗin adashi da na ƙanwarka da ta sayar da ɗan kunnenta ta ba ka. Fara da haƙƙin ma'aikata, sai bashi mai ruwa don shi ne ke girma da dare, sai na masu kaya, sai na dangi, kuma su dangin ka je da ƙafarka ka gaya musu ranar, kada kunyarsu ta zama dalilin mayar da su ƙarshe ba tare da sun sani ba. Kuɗin da ka tanada don motar, a ce miliyan 40 ne, in ka biya miliyan 25 ka bar 15 a cikin kaya suna juyawa, ga ƙofofin kamfanoni a buɗe saboda an ga ka cika alkawari, ba abin mamaki ba ne ka dawo kan maganar motar cikin shekara biyu da kuɗin da babu hannun kowa a kai. Wataƙila kuma a lokacin ka ga injin buga roba ko fili kusa da tashar nan ya fi ba ka sha'awa. Wannan kai da zuciyarka.

Wanda kuma ya riga ya saya, yana zaune a nan gabansa na faɗuwa, ƙofa ba ta rufe ba. Sayar da ita tun kana da ikon yin ciniki, kafin ranar da za a sayar maka. Mutane za su yi magana mako biyu su manta. Ka ɗauki kuɗin ka je wurin mai kaya da kanka, kada ka aika yaro, ka ce ga abin da ya samu, ga ranar cikon. Na ga manyan 'yan kasuwa sun ƙara wa mutum kaya a irin wannan zama, domin sun san wuyar abin da ya yi.

Ku kuma iyayenmu masu kamfanoni da manyan diloli, akwai naku kason. Ku riƙa rubuta bashi da wa'adi da shaidu ko da ɗan amininku ne, domin bashin “kai dai je ka, sai ka samu” shi ke sa yaro ya manta kuɗin ba nasa ba ne. Ku bambanta wanda kasuwa ta karye masa da wanda ya karkatar da kuɗi. Na farko Alƙur'ani ya yi umarni a saurara masa har ya samu sauƙi, kuma a shekarun nan irinsu suna da yawa, kada a haɗa su da masu taurin bashi a kai su ofishin 'yan sanda. Sannan yaran nan ku suke kallo. Ma'aikacin da aka ce wa ya yi haƙuri da albashi saboda gas ya yi tsada, ya kuma ga ɗan mai gida ya shigo harabar da sabuwar mota a makon, ba za a iya yi masa wa'azin amana ba, kuma gobe in ya zama dila abin da ya gani zai yi.

An sanar da ni akwai masu tambayoyi, musamman a kan bashin da aka ci da dala da yadda za a biya shi bayan canji ya tashi. Wannan mas'ala ce da ke bukatar malaman fiƙihu, kuma ga su a zaune, zan miƙa musu abin magana. Allah ya biya wa duk wanda ake bi, ya sa albarka a kasuwanninmu.